Tanderu Na Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawun kwamitin masana'antu na majalisa, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa fitar da takarda daga ɗakin kwamiti a ɓoye ba, ban kuma taɓa barin wata ta shiga ba tare da na buga mata lamba ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin tsaka mai wuyar da na shiga a shekarata ta ƙarshe a bakin aiki, ya kuma san dalilin da ya sa nake ambaton wata baiwar Allah da alheri har yau. Al'amarin ya faro ne wata ranar Asabar da hantsi, da ƙanena ya shigo gidana ya ƙi zama.

Auta muke kiransa, ko da yake a lokacin ya ba hamsin baya har yana da jika. Aikinsa kula da tanderun narka gilashi a masana'antar kwalabe da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Tanderu biyu ne a wurin, shi ne babba a kan na biyu, kuma mutum ɗari da tamanin ne ke cin abinci a jikin wannan tanderu, tun daga masu zuba yashi har zuwa masu jera kwalabe a kwali. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaye a gaban wuta, har zafi ya cinye masa gashin gira, abin da maiɗakina ba ta taɓa bari ya wuce ba.

"Ƙanen miji, zauna mana," in ji ta. "Ko kujerar tamu ta yi maka sanyi ne? In ɗauko fensir in zana maka gira, mu gane fushi kake yi ko mamaki?"

Ran nan bai rama ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, za su kashe shi."

"Wa za su kashe?"

"Tanderuna. Ƙarshen watan nan. Jiya aka liƙa takarda a bakin ƙofa."

Maiɗakina ta ajiye butar shayi a hankali. Ni kuwa, da yake ban san kan aikinsu ba, sai na ce ai abin da aka kashe ana iya sake kunnawa in kasuwa ta gyaru.

"Ƙwan lantarki ne?" ya ce. "Yaya, in wutar nan ta yi kwana biyu a mace, gilashin da ke ciki ya daskare ya zama dutse, tubalin ya tsattsage. Sai dai a rushe a gina sabo, kuma ba mai ginawa. Mu kuma wata biyu aka ba mu mu fita daga gidajen kamfani. Gaya mini, wa zai ɗauki tsohon da bai iya komai ba sai kallon wuta?"

Wajibi ne a nan in bayyana yadda al'amarin ya shafi kwamitinmu. Shekara uku kafin wannan rana, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin kwalabe cewa za ta riƙa sayar masa da iskar gas a kan rabin farashi, domin a raya masana'antu. Sau uku majalisa ta amince da wannan tallafi a cikin kasafi, amma babu ɗan majalisa ko ɗaya da ya taɓa ganin yarjejeniyar da idonsa, saboda ma'aikatar masana'antu ta ce akwai sirrin kasuwanci a ciki. Mutanen kamfanin kuwa sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa akwai wani sashe da ya hana a rage aiki muddin ana karɓar tallafin. Wani ya ce direban manaja ne ya ji, wani ya ce mai share ofis ce ta gani. Da magana ta yi yawa, kwamiti ya kira ma'aikatar ta zo ta yi bayani ranar Laraba.

"Kai ne akawu," in ji Auta. "Duk takarda ta hannunka take bi. Ka duba mana sashen nan kawai."

"Ba ta zo hannuna ba."

"In ta zo fa?"

"In ta zo a rufe, a rufe za ta zauna."

"Wato ka kwanta a kanta kamar kaza, mu kuma a watsa mana kaya a titi." Ya juya wajen maiɗakina. "Kin ga mijinki? Tun muna yara haka yake. In Inna ta ba shi ajiya, ko ita ta dawo karɓa sai ya ce ta kawo shaida."

Ya fita bai sha shayin ba. Maiɗakina ta kwashe kofuna.

Ranar Litinin na shiga wurin shugaban kwamiti, wanda kowa ke kira Likita domin da can likitan dabbobi ne. Na shaida masa cewa ƙanena na cikin waɗanda abin ya shafa, na kuma nemi a ba mataimakina alƙalami ranar Laraba, kamar yadda akawun da na gada ya yi a lokacin binciken masana'antar sukari.

"Akawu," ya ce, "in duk mai ɗan'uwa a kamfanin kwalabe zai tashi, ni da fanka za mu yi zaman. Na ji, kuma zan faɗa a farkon zama a rubuta. Mataimakin nan naka kuwa, in na tambaye shi hukuncin bara sai ya ce bari ya tambayo ka. Je ka zauna a kujerarka."

Akwai wata ƙa'ida a kwamitinmu da na tarar, na kuma riƙe ta da kyau: duk wanda zai ba da shaida, akawu zai zauna da shi kafin ranar, ya karanta masa dokokin zama, domin kada a kama mutum da abin da bai sani ba. Saboda haka ranar Talata da rana wakiliyar ma'aikatar ta zo ofishina. Darakta ce mai kula da yarjejeniyoyi, gajeruwar mace da ba ta wuce arba'in da biyar ba, wadda ake cewa saura mata mataki ɗaya ta zama babbar sakatariya. Tabarau na rataye a wuyanta da igiya, kuma tana rungume da wani fayil ruwan toka da aka ɗaure da zare.

Na bi mata dokokin ɗaya bayan ɗaya: yadda ake rantsuwa, yadda ake fuskantar shugaba ba mai tambaya ba, da sauransu. Da na zo kan ta tara sai na tsaya.

Ƙa'ida ta tara ba ta cikin littafin dokoki da aka buga. Hukunci ne da wani shugaban kwamiti ya yanke shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a binciken kwangilar takin zamani, ni kuma na rubuta shi da hannuna a kundin hukunce-hukunce ina ƙaramin akawu. Ga abin da ya ƙunsa. Mai ba da shaida yana da damar ya taƙaita abin da ke cikin takardar sirri da kalmomin bakinsa, takardar ta ci gaba da zama sirri. Amma in ya buɗe ta ya karanto kalmominta a gaban kwamiti, ko da layi ɗaya ne, to ya shigar da ita cikin shaida, kuma wajibi ne ya ajiye ta a kan tebur, akawu ya buga mata lamba, ta zama ta jama'a. Hujjar wancan shugaba ita ce, bai dace mutum ya zaɓi layin da ya yi masa daɗi ya karanto, ya ɓoye sauran ba.

Sau biyu kacal aka taɓa aiki da wannan hukunci, kuma ba na tsammanin ban da ni akwai mai tuna shi a duk majalisar. Ba zan ɓoye ba, na ga hanya a buɗe. In na tsallake ƙa'ida ta tara babu wanda zai taɓa sani, kuma na sha ganin mai ba da shaida, in aka matsa masa da tambaya, yana buɗe fayil ba tare da ya yi tunani ba. Na ɗauki kofin ruwa na sha, na ajiye. Sannan na karanta mata ita daga farko har ƙarshe, na kuma ɗauko kundin na nuna mata shafin.

Ta sa tabarau ta karanta, ta koma farko ta sake.

"Wannan rubutunka ne, Akawu?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Lokacin hannuna bai fara rawa ba."

"Ko da layi ɗaya?"

"Ko da layi ɗaya."

"In na taƙaita kuma babu laifi?"

"Ki yi ta taƙaitawa har a tashi, babu mai taɓa fayil ɗinki."

"Minista ya ce kada in miƙa takardar nan ga kowa, ya kuma sa hannu a kan umarnin." Ta cire tabarau. "Na ji an ce kana da ɗan'uwa a can."

"Ƙanena ne. Na shaida wa shugaba."

"Kuma ka nuna mini wannan."

"Kowa nake nuna wa."

Ta dube ni jim kaɗan, ta yi godiya, ta ɗauki fayil ɗinta ta fita. Na zauna ina jin kamar na rufe wa ɗan'uwana ƙofa da hannuna, na kuma murɗa makulli.

Ɗakin kwamitin dogo ne, da tebur mai koren ƙyalle da ya koɗe a gefe, da fanka uku waɗanda biyu ne kawai ke juyawa a cikinsu. A baya akwai benci huɗu na jama'a, waɗanda galibi ɗan jarida ɗaya ne ke gyangyaɗi a kansu. Ranar Laraba kuwa sun cika maƙil da mutanen kamfanin kwalabe, wasu da rigunan aiki. Auta na layin gaba, ya harɗe hannuwa a ƙirji, bai ko dubi inda nake ba. Darakta ta zauna a kujerar shaida, fayil a ɗaure a gabanta, tafin hannunta a kai. Kusa da ita lauyan kamfani ne, dogon mutum mai taushin murya, mai yawan duban agogo.

Awa biyu aka yi ana abu ɗaya. In an tambaye ta ko akwai sharaɗi a kan kamfani, ta ce akwai sharuɗɗa. In an ce na me, ta ce na ci gaba da sarrafa kaya. In an ce kaya nawa, ta ce gwargwadon yadda aka amince. Har wani ɗan majalisa ya jefar da alƙalaminsa a kan tebur ya ce, "Darakta, in ke aka aika sayen gishiri, sai ki dawo ki ce an samu wani abu fari!" Aka yi dariya, ita ma ta murmusa, amma ba ta ɗaga hannunta daga kan fayil ba.

Lauya kuwa ya yi bayani a tsanake cewa kamfani ba zai rufe ba, tanderu na ɗaya zai ci gaba da aiki, saboda haka babu alkawarin da aka karya.

A ƙarshen tebur akwai wata 'yar majalisa da muke kira Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ba ta cika magana ba, sai dai ta yi ta gyara takardun kwamiti da jan biro. Ta ɗaga hannu.

"Darakta, ni manyan kalmomin nan ba sa shiga kaina. Shekara talatin na yi ina koyar da ƙidaya. Ɗaya ne ko biyu?"

"Me, ranki ya daɗe?"

"Tanderun. Yarjejeniyar ta ce ɗaya, ko ta ce biyu, ko ba ta faɗi ba? Ba na son gwargwado, 'yata. Lamba nake so."

Darakta ta ce, "A fahimtata, biyu ne."

Bencin baya ya ɗauki guna-guni, Likita ya buga tebur. Lauya ya miƙe yana gyara kwat.

"Mai girma shugaba, ina girmama Darakta, amma ita da kanta ta ce fahimtarta ce. Tamu fahimtar daban take. Kalmomin yarjejeniyar sun bar wa kamfani zaɓi, kuma tun da takardar sirri ce, ba zan iya wuce nan ba. Ina ba da shawara a bar wa ma'aikatar da kamfani su daidaita a tsakaninsu."

Magana ta tsaya a nan, bakin wannan da bakin wancan, kuma babu abin da kwamiti zai riƙe. Likita ya shafa fuska, ya dubi jadawali, ya ce majalisa za ta tafi hutu ranar Juma'a, saboda haka yana ganin za a ɗage zaman zuwa mako uku. Mako uku ya wuce ƙarshen wata da kwana tara. Na ga Auta ya sunkuyar da kai. Na tsoma alƙalami zan rubuta ɗagewar.

"Mai girma shugaba," in ji Darakta. "An ce fahimtata ce. Na yi rantsuwa a ɗakin nan, kuma ba na so in fita ana shakkar ko na faɗi gaskiya."

Ta ɗauki tabarau ta sa. Ta juyo ta dube ni sau ɗaya, ta saman gilashin, sannan ta kwance zaren fayil ɗin ba gaggawa, ta buɗe, ta bi shafuka da yatsa.

"Sashe na goma sha huɗu," ta ce. "Muddin ana ba kamfani iskar gas a farashin tallafi, zai bar tanderunsa guda biyu suna ci dare da rana, kuma ba zai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba sai da amincewar majalisa."

Ta rufe fayil.

"Amincewar wa?" in ji Malama. "Tamu? Wato shekara uku muna cikin takardar nan ba mu sani ba?"

Lauya bai girgiza ba, domin bai san hukuncin takin zamani ba. Ya ce an karanta layi ɗaya an ji, amma akwai wasu sassa da suka sassauta shi, waɗanda ba zai iya bayyanawa ba, don haka a mai da fayil inda ya fito.

Akawu ba shi da baki a zaman kwamiti sai an ba shi. Abin da yake da shi 'yar takarda ce. Na yago guda na rubuta, "Ƙa'ida ta tara, kundi na uku, shafi na tamanin da takwas," na tura wa shugaba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Akawu, rubutun nan naka ko ni da nake likita ya gagare ni. Tashi ka faɗa da bakinka."

Na miƙe, na buɗe kundin, na karanta hukuncin kamar yadda aka yanke shi, da ranarsa da watansa da shekararsa. Ina gamawa lauya ya miƙe, kuma wannan karon muryarsa ta rage taushi. Da farko ya ce hukuncin ba ya cikin littafin dokoki. Likita ya ce rabin abin da ake tafiyar da majalisa da shi ba ya cikin littafin, ciki har da kujerar da lauya yake zaune a kai. Sai lauya ya juyo kaina.

"To ina roƙon a lura da abu ɗaya. Shugaba da kansa ya faɗa da safe cewa akawun nan yana da ƙane a kamfanin. Ga tsohon hukunci da ba wanda ya sani sai shi, ga mai ba da shaida da ta yi kuskure cikin rashin sani. Wannan tarko ne, kuma bai kamata kwamiti ya ci moriyarsa ba."

A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa faɗa mini irin wannan a gaban jama'a ba. Na buɗe baki, amma ba a ba ni izini ba, sai na rufe. Kuma na san cewa mafita ce aka shimfiɗa wa Darakta. Da ta yi shiru kawai, da an ɗauka kuskure ne, ta koma wurin minista ta ce tsohon akawu ne ya yaudare ta, ta ci gaba da hawa matakinta.

"Ba kuskure ba ne," ta ce. "Jiya da ƙarfe biyu da rabi akawu ya karanta mini wannan ƙa'ida a ofishinsa. Ya nuna mini shafin. Na karanta shi sau biyu. An umarce ni kada in miƙa takardar, kuma ban miƙa ba. In kwamiti ya ce in ajiye, wannan umarnin majalisa ne, kuma shi ke gaba."

Lauya ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce in ma za a ajiye, sashe na goma sha huɗu kaɗai za a ajiye. Likita ya dube ni. Na buɗe kundi na huɗu, na karanta hukunci na biyu, na binciken kamfanin siminti, inda aka yanke cewa takarda dukkanta ake ajiyewa, sai dai shugaba yana da ikon rufe shafukan da suka ƙunshi sirrin sana'a zalla. Likita ya karɓi fayil ɗin ya duba shi kaɗai na kusan minti goma, sannan ya ce a rufe shafi biyu na ƙarshe.

"Ba ruwanmu da yawan yashin da kuke zubawa," ya ce wa lauya. "Amma gas ɗin na jama'a ne, takardar ma haka. Sassan da ka ce sun sassauta kuwa, na nema ban gani ba, wataƙila Malama ta gano mana da jan bironta. Darakta, ajiye."

Ta taso ta zagayo tebur, ta ajiye fayil ɗin a gabana. Na buga masa lamba ta arba'in da ɗaya ta wannan shekara, kuma duk wanda ya je ya duba zai ga hatimin ya ɗan karkace.

A bakin matakala Auta ya tare ni bayan an tashi.

"Yaya, da gaske kai ka nuna mata dokar?"

"Ni ne."

"Wato da ta kama bakinta, da kai ka kashe mu."

"Da ni ne."

Ya daɗe yana dubana. "Allah ya shirye ka," ya ce, sannan ya karɓi jakata ya riƙe mini har bakin titi, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta.

Ranar Alhamis aka kai maganar zauren majalisa, majalisa kuma ta ƙi amincewa a kashe tanderun. Ba zan ce kowa ya tsira ba. Kamfani ya sallami mutum ashirin da biyu daga masu jera kwalabe, domin yarjejeniyar ta yi maganar tanderu ne, ba ta yi maganar mutane ba, kuma wannan giɓi ne da kwamiti ya gani a makare. Amma wuta ba ta mutu ba, Auta bai kwashe kayansa ba. Kafin in ajiye aiki kuma majalisa ta rubuta a littafin dokoki cewa duk yarjejeniyar tallafi za a ajiye ta a gaban kwamiti cikin kwana talatin da sa hannu.

Darakta kuwa ba ta yi mako biyu ba aka ɗauke ta daga kan yarjejeniyoyi, aka tura ta ofishin awo da ma'auni da ke bayan babbar kasuwa. Wani aka ba kujerar babban sakatare.

Ba al'adar akawu ba ce ya ziyarci mai ba da shaida, saboda haka na jira har na miƙa makullin ofis. Mako guda bayan nan Auta ya zo ya ce in raka shi, yana riƙe da wani abu nannaɗe a jarida. Muka same ta a wani ɗaki mai taga ɗaya, cike da sikeli da duwatsun awo na ƙarfe, tana gardama da wani mai sayar da hatsi a kan mudunsa da aka doke masa gindi ya shige ciki. Da ta sallame shi ta ga mu ne, ta ture takardu daga kan benci.

"Akawu! Ka zo duba ko na karya wata ƙa'idar?"

"Na zo godiya ne, ranki ya daɗe. Wannan shi ne ƙanen nawa."

Na faɗi abin da na zo faɗa, a tsaye, kamar yadda ya kamata. Na ce na ga masu ba da shaida fiye da dubu, kuma ita kaɗai ce ta wanke ni alhali wankin nawa shi ne asararta. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"Ni na rubuta sashen nan na goma sha huɗu," ta ce. "Kwana huɗu muka yi muna ja da su a kansa. Ban rubuta shi don ya zauna a durowa ba. Nan ɗin ma aiki ne, Akawu. Ka ga mudun mutumin nan? Mata nawa ya cuta da shi kafin yau?"

Auta ya kwance jaridar. Kwalba ce fara, ba tambari, ba murfi.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya magana irin ta Yaya ba. Wannan ta ranar ɗaya ga wata ce. Ita ta fara fitowa da safe, ranar da aka ce za mu wayi gari wuta a mace. Ni na ɗauke ta da kaina."

Ta karɓa ta ɗaga ta wajen taga tana juyawa. Sai ta dube ni tana murmushi.

"Akawu, ma'aikacin gwamnati yana karɓar kyauta?"

"Ba ya karɓa, ranki ya daɗe."

"Kai, Yaya!" in ji Auta. "Har nan ma?"

"Bar shi, gaskiyarsa ce," ta ce. "Amma ofishin nan yana karɓar samfuri. Lita nawa kuka ce tana ci?"

"Ɗaya."

"Za mu gani."

Ta ɗauko ma'aunin tagulla daga kan kanta, ta cika shi da ruwa daidai baki, ta sa mazurari ta juye a cikin kwalbar a hankali. Mu uku muka sunkuya muna kallon ruwan yana hawa. Ya tsaya daidai kan layin cika da ke wuyanta.

"Cif," ta ce. Ta rubuta 'yar takarda ta liƙa a jikin kwalbar, ta ɗora ta a kan kanta tsakanin duwatsun awo.

Auta ya dubi agogon bango ya zabura. "Ki gafarce ni, ranki ya daɗe, ƙarfe biyu nake karɓar wuta."

"Yi sauri," ta ce, "kada ta mutu a ce ni na tsare ka."

Ya fita da gudu-gudu, ya tsai da mota a bakin kasuwa, ya shige ya bar ni a tsaye da jaridar a hannu.